Kunyar da Fasto Ya Ce In Cire

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku. Sunana Iliya. Ban yi makaranta ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Dattawa sun ce in ba da shaida, to ga ta.

Wasunku sun san ni a da. Burkutu tun da safe, faɗa a kasuwa, duka a gida. Wannan tabon na goshina ba a gona na same shi ba. Da na karɓi Yesu na bar giya, na daina ɗaga wa matata hannu, aka yi mini baftisma. Na ce shi ke nan, an gama gyara ni. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Gonata tana kan hanyar Kaboji, iyakarmu ɗaya da ta wana Yakubu. Da ya rasu, ya bar matarsa, Maman Rifkatu, da 'ya'ya huɗu. Ba su da komai sai gonar nan. Duk damina idan na zo huɗa, sai in karkata garmar shanu in ci kunya ɗaya daga gonarta. Gambar da ke nuna iyaka kuwa, in tumɓuke ta in dasa a gaba.

Sau ɗaya ta yi mini magana, na daka mata tsawa a gaban mutane. Tun ranar ko gaisuwa ba ma yi. Bayan baftisma ma ban daina ba. Lahadi ina nan ina waƙa da ku, Litinin ina cin gonar marayu.

Wata Lahadi bayan sujada, Fasto ya ja ni gefe. Ya ce, "Baban Ladi, na lura kai da matar wanka ba kwa gaisawa. Na san abin da ya tsaya a tsakaninku. Kunya ce. Ka cire kunyar nan, ka je wurinta."

Kun san Hausa ba harshen uwata ba ne, da Kambarci na tashi. A bakin Fasto, kunyar da mutum ke ji daban, kunyar gona daban. A kunnena duk ɗaya ne. Na ɗauka asirin gonar ne ya tonu.

Na ce, "Ita ta kawo ƙarata?"

Ya ce, "Babu wanda ya kawo ƙara."

Na ce, "To wa ya je ya duba? Shida ne kawai, Fasto. Kuma wajen ma duk tsakuwa ne."

Ya dube ni. "Shida me?"

"Kunyoyin mana."

Ya ce, "Ni kunyar neman gafara nake nufi, saboda tsawar da ka yi mata. Amma tunda ka fara, ƙarasa."

Kuna dariya. Ni ban yi dariya ba. Shekara shida ina riƙe da abu, mai unguwa bai sani ba, dattawa ba su sani ba, sai ga shi na tona kaina da bakina saboda kalma ɗaya. Na koma gida ina huci. Matata ta kawo tuwo, na ture shi. Ta ce, "Baban Ladi, da wa kuma?" Na ce da kowa. Gaskiyar ita ce da Allah nake fushi.

Washegari da safe na tafi gona, na tsaya a kan iyakar. Gyaɗa ta yi kyau a kunyoyin nan. Ni na shuka, ni na nome. Na yi addu'a, amma ba irin wadda ake yi a nan ba. Na ce, "Ubangiji, na bar maka giya. Na bar maka faɗa. Yanzu har gona za ka biyo ni? Me ya rage nawa?"

Ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai ɗaga fartanya zan ci gaba da aiki, hannuna ya ƙi. Sai na tuna Yakubu ne ya koya mini riƙon garma, a wannan filin. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da ban zubar da hawaye ba ranar da muka binne shi. Na ce, "To, ɗauki. Ka gyara ni daga ciki, don ni na kasa."

Daga nan gidanta na wuce. Na same ta tana daka.

Na ce, "Maman Rifkatu, ina kwana."

Ta ce, "Yau kuma? Ko hanya ce ta ɓace maka?"

"Na zo mayar miki da kunyoyinki. Shida, da gyaɗar da ke kansu."

Ko taɓaryar ba ta ajiye ba. Ta ce, "Takwas."

Na ce, "Shida."

"Shekarar da ruwa ya yi jinkiri biyu ka ci. Bara ma biyu. Ka ɗauka makauniya wanka ya aura?"

Tsohon Iliya ya taso mini har wuya. Da a da ne, da turmin nan ya kife. Na haɗiye. Na ce, "Takwas ɗin. Ki gafarta mini, har da tsawar."

Sai a lokacin ta jingine taɓarya. Ta ce, "Zauna a ba ka kunu. Dubi yadda ka rame, kamar ba gonar mutane kake ci ba."

Ran Asabar muka je da dattawa biyu, na mayar da gamba inda Yakubu ya dasa ta. Da kaka ta yi, ni na cire mata gyaɗar, na kai har ƙofar ɗakinta.

Kada ku ɗauka na zama mala'ika. Abin haushi, shanuna ma sun saba. Bana da na zo huɗa, da kansu suka karkata wajen gonarta, sai da na ja igiya da ƙarfi. Zuciyata ma haka take. Kullum sai Ruhu Mai Tsarki ya ja ta, a gona, a kasuwa, a gida idan matata ta faɗi abin da ba na so. Yana ja, ina gunaguni, amma ina bi.

Gonata ta ragu, duk da haka gidana bai rasa abinci ba. 'Ya'yan Yakubu sun koma shiga wurina suna ce mini Baba. Na gode wa Yesu da bai tsaya a kan giya ba, ya biyo ni har gona.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin wani a hannunka, ka mayar tun yau. Ka dogara ga Yesu, zai ciyar da kai da abin da ya rage. Amin.