Wayar da Ta Manta Yatsan Manomi

A tashar Madawa wani dattijo yana ta danna babban yatsansa a bayan salularsa. Matar da ke gefensa tana jiran motar Buza ta gaji da jin tsakinsa.

"Baba, lahiya? Tun ɗazu kake hwaɗa da waya."

"Ina lahiya! Da yatsa take buɗewa, yau kwana tara ta ce ba ta san ni ba."

"Mu ga hannun. Haba, Baba, dashen albasa ya cinye zanen yatsan! Ka sa kod mana."

"Wanda ya san kod yana Abijan. Ɗana Mu'awiya, shi ya sa shi."

"To, ga tawa, kira shi."

"Lambar tana cikin wagga 'yar banza!"

"Ai ko tana kulle ana ɗaukar kira. Jira shi kira ka."

"Ba ya kira."

"Wane irin ɗa ne wannan?"

"Kul! Kada ki zage shi. Ni na ce mai, tunda ya bar min garka ya tahi, kada in ƙara jin muryatai."

"To ai ka samu abin da kake so. Hushin na mine ne?"

Ya juyo mata fuskar wayar. "Ke kin yi lakkwal, kin iya karatu. Wanga koren abu da ke ta hitowa, mi ya ce?"

"Saƙon murya ne, goma sha ɗaya. Duka daga Mu'awiya."

Dattijon ya goge yatsan a riga, ya lasa mai yawu, ya sake dannawa.