Maɓallin Rigar Belmiro

A ɗakin jiran likitan ƙashi a birnin Evora, tsoho Belmiro ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ba wannan takardar ciwon wuyan hannun muka cike makon jiya ba? Ko maƙaryata suka ɗauke mu?"

"Takardar ake gwadawa, ba kai ba."

"To tambayar nan ta wahalar ɓalla maɓalli fa? Wancan karon goma bisa goma na sa."

"Hannun bai warke ba?"

"Ya warke tuni."

"Sa sifili mana."

Ya rage murya. "Matata za ta duba. Shekara arba'in muna tare, sai da hannun nan ya karye ta fara ɓalla min riga da safe."

Matar da ke gefensa ta miƙa masa alƙalami. "Sa bakwai, ɗan'uwa."