Masu Tsaron Rumbu a Bayan Maƙoƙo

A tashar Minjibir, shekarar da mai ya yi tsada, motar Kano ta ƙi cika. Wata dattijuwa ta dubi matar da ke gefenta, wadda ta naɗe wuya da gyale duk da zafin rana.

"'Yar nan, maƙoƙo ne? Buɗe ki sha iska. Ga tabon nawa, an cire."

"Inna, aiki za a yi mini a Kano, amma juyawa zan yi. An ce wata da aka yi wa, hannunta ya ƙandare. Ni kuwa ƙuli-ƙulina ke riƙe da gidanmu."

"Ai ni ce matar! Washegari yatsuna suka dunƙule, leɓena yana yam-yam kamar tururuwa na yawo. Malam har ya fara tofi."

"Kin ji ko!"

"Tsaya mana. Likita ya ce a bayan maƙoƙo akwai wasu 'yan tsabobi huɗu, kamar ƙwayar shinkafa. Su ne masu tsaron rumbu. In sinadarin ƙashi ya ragu a jini, sai su sa a ɗebo daga ƙashi, su hana ƙoda zubarwa. In ya isa, su rufe. Nawa wuƙa ce ta firgita su, suka yi yaji."

"Sun dawo?"

"Aka ba ni ƙwayar kalsiyam, wato sinadarin ƙashin, kafin kaka sun dawo ɗakinsu. Miƙo hannunki ki ji."

"Wayyo! Inna, za ki karya ni!"

"To, gida za ki?"

"Direba, ajiye mini wuri kusa da ita."