Na Ci Tseren Keke, An Ce Allura Ce

Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ne Bulus, mutumin garin Poli.

A tseren keke daga Figil zuwa Garwa ni na zo na ɗaya. Sai 'yan kwamiti suka ce na yi allurar ƙara ƙarfi irin ta 'yan tseren Turai, suka hana ni kofin. Ni da kullum nake hawan dutse da buhun gyaɗa a keke!

Na ji a rediyo fitsari ake gwadawa, sai na cika kwalba na kai asibiti. Likita ya ce, "Ɗan'uwa, nan tsargiya muke dubawa. Wannan sai Faransa."

Yanzu har a coci "Mai Allura" ake kirana. Jama'a, ina zan kai kwalbar nan? Kekena ba ya zuwa Faransa.