Maƙogwaron Tani

"Ka ce su yi mata allura mana! Mi kaka jira?"

A barandar asibiti ne a Sakkwato, ana gab da samun mulkin kai. Mai faɗan Arzika ne, mahauci daga Ƙofar Kware. Bai ma san Ladan ba, manomin da ya kawo 'yarsa Tani da zazzaɓi, maƙogwaro a kumbure.

Ladan ya ce, "Likita ya shafo maƙogwaron da auduga. Sai ya duba in cutar da allura ka kashewa ce. Gobe za mu komo."

"Gobe! Ɗana ma da ciwon wuya yaf fara, munka ce mura ce. Ga shi can ciki kwance, gaɓoɓi sun kumbura."

"Allah shi ba shi lafiya. Ni wan wagga yarinya mai allurar kasuwa yas soka, ba dubawa. Kafin la'asar munka rufe shi. Ba a ƙara soka min ɗa da ka."

Arzika ya dubi yadda mutumin ya tallafe kan 'yarsa. Faɗan ya fita daga ransa.

"Garinku da nisa?"

"Wunin jaki."

"Da zazzaɓin za ka kai ta ka komo? Zaurena na nan. Ka jira dubawarka, mai taurin kai."

Aka kira Arzika daga ciki. Ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo.

"Romon ƙashi fa, tana iya haɗiyewa?"