Abin Da Ya Hana Kaka Danda Cin Tuwon Suna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya gafarta Malam Liman, iyayena da kakannina, da baƙin da suka taso daga Kanan-Bakashe, sannunku da zuwa. Sunana Rukaiya, jikar marigayi Danda. Ban saba magana cikin mutane ba, ku yi haƙuri da muryata.

Ya kasance shi ke fara shiga rijiyar garinmu in za a yashe ta. Ya kasance in shanu suka shiga gona, shi muke kira kafin a ɗauko sanda. Wannan duk mun sani.

Akwai abin da ba mu sani ba. Ƙwannafi ya daɗe yana cin sa, ƙirjinsa kamar an zuba garwashi. Ya sha ƙwayoyin kasuwa har ya gaji. Da likita ta ba shi shawara, sai ya bar yaji da mai da goro. Tun la'asar yake cin tuwonsa, ɗan kaɗan. Ya sa tubali ya ɗaga kan gadonsa. Ni ke dama masa kunu ba tsamiya, yana tsokanata: "Amarya, wannan kunun naki ko akuya sai ta yi ƙara wurin Maigari!" Ya samu sauƙi, amma ya hana ni faɗa. Wai namiji ba ya tallar cikinsa.

Kaka Na Allah, da kai nake. Ranar sunan jikanka, yayanka Danda ya ture tuwonka, ya mayar maka da goronka a gaban baƙi. Aka ce maka tsoron sammu yake. Tun ranar ba ka sake taka gidan nan ba sai da ya rasu, kuma har yanzu ko ruwanmu ba ka sha ba.

Wallahi ba sammu ba ne, miyar ce da yaji. Da muka dawo ya ce mini, "Na ɓata wa ƙanena rai, kuma bakina ya yi nauyi."

Ga kunu nan gabanka, irin nasa. Ba daɗi, na sani. Don Allah, Kaka.

Na gode da ka karɓa, Kaka. Sha a hankali.

Mun gode muku duka. Allah ya jiƙan Danda, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa kanmu a bayansa. Amin.