Lambar OTP a Majalisarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa daga Daura.

Na daɗe ina jin wai da 'yar lamba ake ƙwace wa mutum shafinsa na waya, ina cewa tatsuniya ce. To, aminina Alhaji Sale, dillalin shanu, ba ya karanta boko, a majalisa ake karanta masa saƙo da ƙarfi. Wani ya kira shi: "Baba, gyaran layi muke, karanto min OTP." Da lambar ta shigo wayarsa, dattawa har da rige-rigen karantawa! Nan take aka ƙwace shafinsa. Yanzu da sunansa ake roƙon abokan cinikinsa.

Haba jama'a! OTP lambar sirri ce ta amfani sau ɗaya, PIN kuwa mabuɗin katinka na banki, ba a faɗa wa kowa. Don Allah ku riƙa maimaitawa.

Wanda ya ba ni labarin nan, Alhaji Sale ne da kansa, ta wayar matarsa.